Dillancin intanet a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa: Me ya sa zauruka ke cika da mutane amma su yi tsit?

Duk wanda ya taɓa shiga zauren WhatsApp na masu tallar kaya a kan la'ada ya san yadda abin yake tafiya. A makon farko saƙonni ba sa ƙirguwa: gaisuwa, hotunan atamfa da takalma, tambayar farashi. Kafin wata ya zagayo sai a wayi gari shugaban zaure kaɗai ke magana, sauran jama'a kuwa suna karantawa suna wucewa, wasu ma sun toshe ƙarar zauren gaba ɗaya.

Wannan matsala ce da masu irin wannan sana'a ke fama da ita a ko'ina. Sai dai a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ƙananan hukumomi uku da ke kudancin jihar Katsina, tana da wata fuska ta daban. Yanki ne na noma da manyan kasuwanni, wanda rashin tsaro ya takura wa zirga-zirga shekara da shekaru. Ga matashin da gonar gidansu ta gagari zuwa, ko matar auren da ke neman na cefane daga cikin ɗakinta, dillanci ta waya na cikin 'yan sana'o'in da ba sa buƙatar jari ko doguwar tafiya. Idan zaure ya mutu, hanyar samun kuɗi ce ta toshe.

Tsohuwar sana'a a sabuwar riga

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Mai kaya yana da haja, wani kuma yana da jama'a. Mai jama'a ya tallata, idan ciniki ya faɗa ta hannunsa sai a ba shi kaso. A manyan kamfanoni ana ba mutum wani adireshin intanet na musamman, ta yadda duk wanda ya bi ta nan ya yi sayayya, kwamfuta za ta lissafa masa kamashonsa. Kamfanin Amazon na Amurka ya fara irin wannan tsari tun 1996. A Najeriya, Jumia da aka kafa a Legas a 2012 yana da wakilan talla da ake kira JForce, yayin da Selar ke ba masu sayar da littattafai da darussan intanet damar ɗaukar masu tallata musu.

Amma a Arewa, yawancin harkar ba ta bi ta kamfani. Ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari ko kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko mai shago a Funtuwa, zai tara mutane a zaure yana turo hotuna da farashin sari. Kowa ya ɗora a sitatus ɗinsa da ɗan abin da ya ƙara, in an samu mai saye a tura kuɗi, a saka kaya a mota.

Bahaushe bai buƙaci a fassara masa wannan ba, domin dillanci ne. Dillalin shanu a kara da dillaliyar da ke shiga gida-gida da zannuwa da kwanuka sun daɗe suna cin abinci da la'ada. Baturiya Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina har ta fitar da littafi a 1972, ta yi bayanin yadda matan aure ke gudanar da ciniki mai yawa daga cikin gidajensu ta hannun yara. Aikin da yaro mai talla yake yi a wancan lokaci, yau waya ce take yin wani ɓangarensa.

Bambancin shi ne dillaliyar da an san gidanta, an san mijinta, kuma gobe ma za ta dawo. Shugaban zaure kuwa yana iya zama lambar waya kawai.

Darasin 2021

Mutanen wannan yanki sun ɗanɗana rayuwa ba waya. A ƙarshen watan Agustan 2021, Gwamna Aminu Bello Masari ya sanya hannu kan dokar da ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, ciki har da na waɗannan ƙananan hukumomi uku. A watan Satumba aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ɗandume. Sai a watan Disamba aka ba da umarnin mayar da layukan a yankunan da suka rage.

Manufar ita ce a yanke hulɗa tsakanin 'yan bindiga da masu ba su bayanai, amma duk wanda cinikinsa ke kan waya shi ma ya ji a jikinsa. Darasin da wannan ya bari shi ne, zauren da mambobinsa ba su san juna a zahiri ba, yana iya watsewa a rana ɗaya. Wanda ke da wakili a gari, da shagon da ake ajiye kaya, da littafin da ake rubuta bashi da la'ada, shi ne ke iya farfaɗowa idan sabis ya dawo.

Daga baya wasu abubuwa biyu sun sake sauya lissafi. Ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira a farkon 2023 ya tilasta wa mutane da dama buɗe asusu a OPay da Moniepoint da PalmPay, abin da ya sauƙaƙa biyan la'ada nan take. A watan Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Ma'ana, zaman mutum a zauren da ake zuba hotuna da bidiyo dare da rana yanzu yana cin aljihunsa fiye da da.

Abin da ke sa mutane su yi shiru

A ɗauki misali. Turmin atamfa na naira 20,000, la'ada kashi 5 cikin 100, wato naira 1,000. Kafin a kai ga wannan dubu ɗaya, mai talla ya sauke hotuna, ya amsa tambayoyin mutum goma da ba za su saya ba, ya kira direba ya ji inda kaya suka kwana. Idan kuma aka ce masa sai ƙarshen wata za a biya shi, ko mai saye ya ce launin da ya gani a hoto daban, to riba ta koma asara, ga zubewar mutunci a wurin maƙwabci ko 'yar uwa.

Nan ne gizo ke saƙar. Mai talla a ƙaramin gari danginsa da abokansa yake sayar wa kaya. Jarinsa shi ne yardar da aka yi masa. Da zarar kaya sun zo ba daidai ba sau ɗaya, ba zai tsaya rigima a zaure ba, zai daina ɗora hotuna ne kawai. Shirun da shugaban zaure ke ɗauka a matsayin lalaci, sau da yawa ƙorafi ne da ba a furta ba.

Sai batun isar da kaya. Manyan kamfanonin cinikin intanet sun fi ƙarfi a birane. Wanda ke Sabuwa ko Yankara ko wani ƙauye a Ƙanƙara ya dogara ne da direbobin tasha da ke tasowa daga Kano ko Zariya ko Funtuwa, su kuma ranar kasuwa da halin da hanya ke ciki ne ke yanke musu lokacin tafiya. Zauren da bai faɗi ƙarara wanda zai biya kuɗin mota ba, da wanda zai ɗauki asara idan kaya suka ɓata, ya shuka rigima tun kafin a fara.

Inuwar MMM da CBEX

Akwai kuma tsoro, wanda yake da dalili. A watan Disambar 2016 tsarin MMM ya rufe asusun 'yan Najeriya da suka zuba kuɗi. A watan Afrilun 2025 CBEX ya durƙushe da kuɗin jama'a, har hukumar EFCC ta shiga bincike. Dukansu sun yaɗu ne ta hanyar kawo mutum a ba ka lada, kuma a zaurukan WhatsApp da Telegram aka ja hankalin mutane da yawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Hanyar bambancewa ɗaya ce: daga ina kuɗin ke fitowa? Idan daga cinikin kayan da mutum zai saya ko da babu maganar lada ne, to dillanci ne. Idan kuwa daga kuɗin rajistar sabbin shiga ne, kuma babban aikin mamba shi ne kawo wani mamba, to ranar da sabbin shiga suka ƙare, ranar tsarin zai rushe. Dokar zuba jari ta 2025 da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu gudanar da irin wannan tsari.

Saboda haka zauren da ke buɗe ƙofa da neman kuɗin rajista, ya fara da korar masu hankalin cikinsa.

Shawarar da ba ta dace da yankin ba

Masu koyar da tallar intanet suna yawan cewa a riƙa wallafa hoton alat na banki, a fitar da jerin waɗanda suka fi samun kuɗi a mako, domin a zaburar da saura. A Legas ko Abuja wannan na iya aiki. A yankin da aka sace ɗaruruwan ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a ranar 11 ga Disambar 2020, kuma satar mutane don kuɗin fansa ta zama abin fargabar kowane gida, bayyana wa mutum ɗari biyu nawa wane ya samu, haɗari ne.

A zauren WhatsApp na yau da kullum, wanda ke iya ɗaukar mutum 1,024, kowa na iya ganin lambar kowa. Ba kuma kowa ne ya san wanda ya shigo ta adireshin gayyatar da aka yi ta turawa ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mace ta ƙi yin magana, ko mijinta ya ce ta fita.

WhatsApp ɗin kansa yana da abubuwan da ke rage wannan. Ana iya saita zaure ta yadda sai shugaba ya amince mutum zai shigo. Ana iya sanya hotunan kaya da farashi a tashar sanarwa, inda mabiya ba sa ganin lambobin juna, a bar tattaunawa ga ƙananan zauruka na mutanen da suka san juna. Yabo kuma ana iya yin sa ba tare da ambaton adadi ba, a tura wa mutum ladansa a asirce.

Abin da ke raya zaure

Abu na farko shi ne biyan la'ada a kan lokaci. Babu gasa ko kyautar kati da za ta maye gurbinsa. Tsarin adashi ya nuna haka tun da daɗewa: mata suna ci gaba da zubi ne saboda kowa ta san ranar kwasarta, kuma uwar adashi ba ta saɓawa.

Na biyu, ƙanƙanta. Mutum 30 na gari ɗaya da wakili ɗaya sun fi mutum 800 da ba su san juna ba. Wakilin ne zai karɓi kaya a tasha, ya duba su kafin a kai wa mai saye, kuma shi ake tunkara idan an samu matsala. Haɗa odar mutane da yawa a mota ɗaya yana rage wa kowa kuɗin aike.

Na uku, kayan da suka dace da wurin da kuma lokacin. Aljihun manomin masara da waken soya a Sabuwa ko Faskari yana buɗewa ne da kaka, tare da bukukuwan aure. Gabanin damina hankali na kan iri da taki da maganin feshi. Azumi da sallah lokacin shadda ne da takalma. Fitila mai aiki da hasken rana da abin cajin waya kuwa kullum ana nema inda wutar lantarki ba ta tsayawa. Zauren da ke tambayar mambobinsa abin da mutanen garinsu ke nema, ta hanyar ƙuri'ar da WhatsApp ya tanada, ya ba su dalilin yin magana.

Na huɗu, harshe da tsari. Saƙon murya na minti ɗaya da Hausa ya fi dogon rubutun Turanci isa ga jama'a. Hoto biyar masu kyau da safe sun fi hamsin da za su cinye data. Ware rana ɗaya a mako don tambayoyi da ƙorafi, a kuma amsa su a gaban kowa, yana nuna cewa magana tana da amfani. Sabon shiga kuma a haɗa shi da wanda ya daɗe, har ya yi cinikinsa na farko, domin mafi yawan masu janyewa suna janyewa ne kafin su ga kuɗin farko.

Mata na buƙatar nasu zauren, da mace a matsayin shugaba, da ƙa'idar hana bin mutum ta bayan fage da saƙon da bai shafi ciniki ba.

Iyakar talla

Akwai layin da bai kamata neman ciniki ya tsallaka ba. Malaman fiƙihu sun halatta karɓar la'ada idan an san aikin an kuma san ladan, amma sun haramta ɓoye aibin kaya, da kuma najashi, wato mutum ya taya kaya ba don zai saya ba sai don ya ruɗi wani. Shaidar ƙarya da ake ƙirƙira a ce wata ta yi amfani da kaya ta ji daɗi, daga wannan gida ta fito.

Ta fuskar doka, magunguna da kayan shafa da na ƙarin kuzari da suka cika sitatus suna buƙatar rajistar hukumar NAFDAC, yayin da hukumar FCCPC ke karɓar ƙorafin masu saye da aka yaudara. Mai talla a ƙauye shi ne wanda mai saye ya sani, don haka shi za a fara nema idan wani abu ya faru.

Ga shugabannin zauruka, ma'aunin da ya fi yawan mambobi muhimmanci shi ne mutum nawa suka yi ciniki a wannan wata, nawa aka biya a kan lokaci, kuma nawa suka dawo da oda ta biyu. Ga mai shirin shiga kuwa, tambayoyi huɗu sun isa kafin ya ɗora hoton farko: wane ne mai kayan kuma ina shagonsa, nawa ne la'adar kuma yaushe ake biya, wa ke ɗaukar asara idan kaya suka zo da matsala, sannan ana neman ya fara biyan wani abu ne kafin ya shiga?