Tace Bidiyon Bincike ba Tare da Ɓata Karin Sauti ba

Ɗalibin da ya dawo daga aikin fili da bidiyon hira talatin yana da sauran aiki kafin nazari: yanke kowane fayil, ware murya daga hoto, da rage hayaniya. Yin haka ɗaya bayan ɗaya yana cin kwanaki. Taskar umarni, wato tarin ayyukan da masu tsara manhaja suka riga suka rubuta domin wasu su kira su, tana mayar da aikin duka layuka kaɗan.

Mafi shahara ita ce FFmpeg, wadda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a shekarar 2000. Sashenta mai suna libavfilter shi ke ɗauke da matatu. Mai amfani da harshen Python yana iya isa gare ta ta hanyar MoviePy. Da umarni guda za a bi fayilolin duka, a fitar da muryar kowanne a tsarin WAV, wanda Praat da ELAN ke karanta shi.

Sai dai matata ba ta san harshe ba. Wutar lantarki a Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka gunjinta kan shiga naɗi a Hz 50. Matatar da ke zubar da abin da ke ƙasa da Hz 70 za ta rage shi. Amma muryar namiji baligi takan sauka kusa da Hz 85. In aka ɗaga iyakar zuwa 200, an taɓa tushen muryar, inda ake auna karin sauti. Ke nan an raunana shaidar da ke bambanta wuya na jiki, mai karin sama-ƙasa, da wuya ta wahala, mai karin ƙasa-sama. Haka kuma matatar hayaniya mai tsanani takan ɗauki shuwar s da ts a matsayin ƙara, ta share ta.

Don haka a ajiye fayil na asali yadda ya fito daga na'ura, a yi tacewa a kan kwafi. A rubuta kowace matata da adadinta a babin hanyoyin bincike, domin mai duba kundi ya iya maimaita aikin. Awon karin sauti kuwa, a yi shi a kan muryar da ba a tace ba.