Yadda Za a Tara Kuɗin Ƙungiyar Wasanni ta Makaranta

A makarantun boko na Damagaram akwai yara masu buga ƙwallo da langa, akwai kuma masu waƙa da tafi domin ƙarfafa musu gwiwa. Su ma waɗannan suna bukatar riguna, da ganga, da ruwan sha, da kuɗin mota. A unguwa kamar Kara-Kara, inda iyaye da yawa ke cin abinci da fasa dutse ko ƙananan sana'o'i, ba daidai ba ne a ɗora wannan nauyi a kan uban yaro shi kaɗai. Idan aka yi haka, ɗan talaka ne zai koma gefe yana kallo.

Wa zai jagoranci aikin?

Tun shekarun 2000 makarantun firamare na Nijar suke da kwamitin kula da makaranta, wanda aka fara saninsa da sunan COGES. A cikinsa akwai darekta, da wakilin malamai, da wakilan iyaye maza da mata. Wannan kwamiti ne ya kamata ya kira taro, ya sa wasanni a cikin tsarin aikin shekara.

Matakai huɗu

1. A rubuta bukata. Misali: yara 20, kowace riga jika 2, ya kama jika 40. A tuna, jika 1 dala 200 ce, wato sefa 1000.

2. A fara da gida. Iyaye su ba da abin da ya sawwaƙa, ko dala 20 ce a wata. Wanda ba shi da kuɗi ya ba da ƙarfinsa, kamar share fili ko ɗebo ruwa.

3. A je wurin ƴan kasuwa. Mutum biyu ko uku su tafi tare, da takarda mai hatimin darekta. A fara da masu shagon unguwa, sannan a shiga Kasuwar Dole. Ya fi sauƙi a roƙi kaya maimakon kuɗi: mai yadi ya ba da yadi, tela ya rage kuɗin ɗinki, mai mota ya kai yara filin wasa.

4. A yi godiya. Ranar wasa a ambaci sunan duk wanda ya taimaka, idan ya yarda. Hakan talla ce gare shi.

Riƙon amana

Duk abin da ya shigo, ma'aji ya rubuta shi a littafi: rana, da suna, da adadi. Kada a kashe ko dala ɗaya sai da sa hannun mutum biyu. A ƙarshen zangon karatu a karanta lissafin a gaban taron iyaye. Ɗan kasuwan da ya ga inda kuɗinsa ya shiga zai sake bayarwa baɗi.

Ku da kuke koyon karatu da lissafi, kuna da haƙƙin neman littafin ku duba da idonku. Ku kuma tabbata ba a cire wani yaro daga ƙungiya ba don iyayensa sun kasa biya.