Asibitocin aro da suka haifi likitocin Arewa

A farkon shekarun 1970, yaron da ya tashi a Daura ko Mai'aduwa ko Baure da burin zama likita, in dai ba zai gangara Kudu ba, hanya ɗaya ce a gabansa: ya hau mota ya nufi Zariya. A can ne Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, ta buɗe tsangayar koyar da aikin likita a 1967, lokacin da likitan yara, Farfesa Ishaya Audu, ke shugabantar jami'ar.

Kafin nan Turawa ba su damu da samar da cikakkun likitoci daga Arewa ba. Masu haɗa magani da duba-gari suka fi horarwa, a Zariya da Kano. Dakta Barau Dikko, likitan farko daga Arewa, sai da ya tafi Birmingham a Ingila ya yi karatunsa. Gwamnatin Jihar Arewa ta gwada buɗe makarantar likitoci a Kano a tsakiyar shekarun 1950, amma ba ta yi tsawon rai ba.

Abin da ya kamata mutanen Daura su lura da shi a tarihin tsangayar Zariya shi ne ba da katafaren gini ta fara ba. Asibitocin gwamnati da ta tarar a ƙasa ta karɓa ta riƙa koyarwa a cikinsu: na Tudun Wadan Zariya, da na Kaduna, da na Malumfashi a ƙasar Katsina. Sai a 2005 asibitin koyarwar ya tare a mazauninsa na dindindin a Shika. Wato kusan shekara arba'in ana yaye likitoci a gidajen aro, kuma cikin waɗanda aka yaye akwai waɗanda suka zama malamai a tsangayoyin Kano da Sakkwato da suka biyo baya.

Zaman Malumfashi a cikin wannan tsari ba ƙaramin abu ba ne. Ɗalibin da aka tura can yana ganin cutar da ke damun manomi, ba ta littafin Ingila ba. A shekarun 1970 an gudanar da dogon bincike a yankin tare da masana daga Liverpool, kan tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji. A Zariya kuma Brian Greenwood ya yi aiki a kan sanƙarau, cutar da kowane gida a ƙasar Hausa ya san ta da bazara, David Warrell kuma ya duƙufa kan dafin kububuwa.

Binciken da ya fi taɓa rayuwar gida shi ne na masu jego. Likitocin Zariya, ciki har da Farfesa Eldryd Parry, sun lura mata da yawa na zuwa asibiti bayan haihuwa da kumburin ƙafa da haki, zuciya ta gaza. Da suka bi diddigi sai suka ga hannun al'ada a ciki: kunun kanwa da ake ɗura wa mai jego, da wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta ƙarƙashinsa. Gishirin da ke cikin kanwa yana sa jiki ya riƙe ruwa, zafin kuma ya ƙara wa zuciya aiki. Da a ce makarantar ba ta zauna cikin mutanen ba, da wuya a gano wannan da wuri. Har yau, in ka shiga ƙauyukan Sandamu ko Zango, ungozoma da ma'aikaciyar asibiti na nan suna ja-in-ja kan yawan kanwar da za a sa.

Daura ta yau ta wuce inda take a da. Tana da Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta gwamnatin jiha, wadda ke yaye ma'aikatan da ke riƙe da ƙananan asibitocin karkara. A watan Agustan 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe asibitin Rundunar Sojin Sama a garin, daga baya kuma aka samu Cibiyar Lafiya ta Tarayya. A Katsina an ɗaga cibiyar lafiya ta tarayya zuwa asibitin koyarwa. Marasa lafiya kuwa ba a rasa su, don har daga Nijar ake shigowa ta kan iyakar Kongolam neman magani.

In har za a koyar da aikin likita a Daura, abin da ya fi wuyar samu shi ne malamai. Hukumar da ke kula da aikin likitoci ta ƙasa ba ta amincewa da makaranta sai ta ƙirga ƙwararru da gadaje da ɗakunan gwaji, sannan ta yanka mata adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Ɗalibi zai yi shekara shida, ya ƙara ɗaya ta sanin makamar aiki, sannan bautar ƙasa, ƙwarewa kuma ta ci wasu shekarun. Wanda ya kai wannan matsayi yau Saudiyya da Ingila na zawarcinsa da albashin da gwamnatin jiha ba za ta iya biya ba. Gina ɗakin tiyata a Daura aikin ɗan kwangila ne na shekara ɗaya ko biyu. Zaunar da likitan tiyata a garin, da matarsa da makarantar 'ya'yansa, shi ne aikin da ke gaban gwamnati da masarauta.