Yaron da Ya Yi Jinkirin Magana: A Fara Duba Kunne

Uwa, idan ɗanki ya kai shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, kamar "ba ni", kada ki ce miskilanci ne. Da kunne yaro yake koyon magana. Kunne mai zubar da mugunya, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro mai kawo jijjiga, shawara mai tsanani a makon haihuwa, ko haihuwar bakwaini, duk suna iya taɓa jinsa ko ƙwaƙwalwarsa.

Yaran Tibati kan taso suna jin Fulatanci, Hausa da Faransanci. Wannan ba ya hana baki buɗewa, kada wani ya tsorata ki.

Ki tsaya bayansa ki kira sunansa a hankali. In bai waiwayo ba, asibiti za ki kawo shi, ba wurin wanzami a yanka masa ƙarƙashin harshe ba.