Maganin damina da ake rabawa gida-gida: ina gaskiyar take?

Da zarar damina ta kankama a watan Yuli, masu rabon maganin zazzaɓin cizon sauro kan shiga lungunan unguwar Badawa gida-gida, sai dai jita-jita kan riga su isa. Wadda ta fi yawo ita ce wai ƙwayar tana hana yaro haihuwa idan ya girma. Ƙarya ce. Magunguna biyu ne da aka daɗe da sani: ɗaya sinadarin Fansidar ne, wanda ake bai wa masu juna biyu a wajen awo, kuma matan nan suna komawa awo da wani cikin, ɗayan kuwa amodiyakwin ne. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yaran yankin Sahel, daga ɗan wata 3 zuwa ɗan wata 59.

Masu cewa yana sa amai kuwa suna da gaskiya. Yana da ɗaci, wasu yaran kan yi amai ko kasala, amma abin na wucewa. Inda ake tafka asara shi ne uwa ta tsorata ta ajiye sauran, alhali na kwana uku ne: ranar farko a gaban mai rabo, sauran biyun a hannunta. Kariyarsa kusan wata guda ce, shi ya sa ake dawowa kowane wata har Oktoba. Wanda ya tsallake Agusta ya bar ɗansa a buɗe daidai lokacin da sauro ya fi yawa.

Maganin nan ba allurar rigakafi ba ne, kamar yadda wasu ke zato. Waccan, mai suna R21, a Kebbi da Bayelsa aka fara yin ta a Nijeriya a Disamban 2024. Kuma maganin ba ya maye gurbin gidan sauro.

Haka nan, saɓanin wata jita-jitar, mangwaro da zafin rana ba sa kawo maleriya. Macen sauro ce ke kawo ta, galibi da dare.

Abin da ya fi damuna shi ne a ɗura wa yaron da jikinsa ya riga ya yi zafi wannan magani, ko a sayo masa kulorakwin a kemis, maganin da Nijeriya ta daina dogaro da shi tun 2005 saboda ƙwayar cutar ta saba da shi. Mai zazzaɓi gwajin jini yake buƙata tukuna. Idan kuwa ya fara jijjiga ko ya kasa shan nono, a garzaya da shi asibiti a daren, kar a jira gari ya waye.