Sawun Giwa a Yankari

Daga Unguwar Dosa zuwa Yankari, a Ƙaramar Hukumar Alkaleri, tafiyar yini ce: Saminaka, Jos, Bauchi, sannan daji. Washegari da sassafe muka cika buɗaɗɗiyar mota, ma'aikacin gandun yana gaba yana ta tsawata mana, wai giwa ba ta son surutu.

A bakin kogin Gaji mun ga ɓauna da gwanki. Giwa kuwa, sai sawunta da ɗanyen kashinta. Masu farautar haure sun rage giwayen nan ƙwarai.

Da la'asar muka faɗa ruwan ɗumin Wikki, birai suna harin jakunkunanmu. In ajinku zai je, ku bari sai bazara, lokacin da ƙishirwa ke koro dabbobi bakin Gaji.