Sharhin da ke bin kalandar coci: yadda ake aiki da shi a manhajar nazarin Littafi Mai Tsarki

Mai wa'azi ya sayi sharhi mai tsada, ya saukar da shi a manhajarsa, ya buɗe Luka sura 15 yana jiran bayani ya fito a gefe kamar yadda ya saba. Sai ya ga bayanin ya tsaya a aya ta 10. Labarin ɓataccen ɗa, wanda shi ne ya kawo shi, babu shi a nan. Yana can a wani kundi dabam, ƙarƙashin wata Lahadi ta lokacin azumi. Ya koma littafin Nahum, allon ya zauna fayau. Da yawa a nan suke cewa manhajar ta lalace ko an sayar musu da rabin kaya. Kaya cikakke ne. Irin sharhin ne ya sha bamban da wanda aka saba da shi, kuma ana shigarsa ta wata ƙofa.

Sharhin da aka fi sani yana bin Littafi Mai Tsarki yadda aka jera shi, daga Farawa zuwa Wahayin Yahaya, sura bayan sura. Africa Bible Commentary, wanda ya fito a 2006 ƙarƙashin jagorancin Tokunboh Adeyemo, irin wannan ne. Shi kuwa wanda muke magana a kansa yana bin jadawalin karatun coci, wato jerin nassoshin da aka tsara za a karanta a sujada kowace Lahadi da ranakun idi. Abin da ya dame shi shi ne ranar da za a karanta nassi, da kuma nassoshin da za a karanta tare da shi.

Tsara karatu bisa ranaku tsohon abu ne, tun daga majami'un Yahudawa. Amma jadawalin da yawancin waɗannan littattafai ke bi bai daɗe ba. Bayan babban taron Fadar Batikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, cocin Katolika ta fitar da sabon tsarin karatun Lahadi a 1969, mai zagayowa duk bayan shekara uku. Tsarin ya burge ɗarikun Furotesta a Amurka da Kanada, suka yi nasu a kansa a 1983, suka sake gyara shi a 1992 da sunan Revised Common Lectionary. Lutaran da Metodis da Firesbiteriyan da Angilikan na ƙasashe da dama suna bin sa. Shekarun uku ana kiran su A da B da C: a A Matiyu ne ke jan ragama, a B Markus, a C Luka. Yahaya ba shi da shekarar kansa. An rarraba shi, ya fi yawa a lokacin azumi da na Ista, sannan a shekarar B a kan ajiye Markus na 'yan makonni a karanta Yahaya sura 6. Kowace Lahadi tana da karatu huɗu: Tsohon Alkawari, Zabura, wasiƙa, da Bishara. A makonnin Ista, Ayyukan Manzanni ke maye gurbin Tsohon Alkawari.

Gane shekarar da ake ciki ba wuya. Duk shekarar da lambarta ta rabu gida uku ba saura, C ce: 2022, 2025, 2028. Mai bi mata A ce, sai B. Sai dai shekarar coci ba ta farawa a Janairu. Tana farawa ne da Lahadin farko ta Adbent, Lahadi huɗu kafin Kirsimeti, don haka shekarar A ta 2026 ta fara tun ranar 30 ga Nuwamba, 2025. Wanda ya manta da wannan zai shafe Disamba yana karanta kundin bara.

Cikin sharhin da aka gina a kan wannan jadawali, wanda ya fi fice shi ne Feasting on the Word, na kamfanin ɗab'i Westminster John Knox, wanda David Bartlett da Barbara Brown Taylor suka jagoranta. Kundi 12 ne, huɗu ga kowace shekara, an fitar da su tsakanin 2008 da 2011. Kowane karatu an rubuta masa maƙala huɗu daga marubuta dabam-dabam: ɗaya kan tauhidi, ɗaya kan kiwon jama'a, ɗaya kan fassarar nassin daki-daki, ɗaya kan yadda za a gina wa'azi. Karatu huɗu, maƙala huɗu-huɗu, ke nan maƙala 16 ga Lahadi guda. Kamfanin ya sake fitar da wani jerin mai kundi tara, Connections, daga 2018. Akwai kuma Working Preacher na makarantar tauhidi ta Luther Seminary a jihar Minesota, wanda ke intanet kyauta.

To, ina matsalar take da manhaja? Manhajoji irin su Logos da Accordance da Olive Tree an gina su ne a kan sura da aya. Ka buɗe Littafi Mai Tsarki a taga ɗaya, sharhi a taga ta biyu, ka ɗaure su. Duk inda ka matsa a nassi, sharhin ya bi ka. Da sharhi na yau da kullum abin yana tafiya sumul, domin kowace aya wuri ɗaya take da shi. A sharhin jadawali kuwa aya ɗaya tana iya samun wuri uku ko biyar, ko ta rasa ko ɗaya.

Ɗauki Yahaya 3:16. Tana cikin karatun Lahadi ta biyu ta azumi a shekarar A, inda ake karanta 3:1-17, hirar Yesu da Nikodimu. Nassin nan dai ya sake dawowa a Lahadin Triniti ta shekarar B. A Lahadi ta huɗu ta azumi a shekarar B kuma ana karanta 3:14-21, a haɗa shi da labarin macijin tagulla na Littafin Ƙidaya sura 21. Wuri uku ke nan, marubuta dabam, kowa da abin da ya sa a gaba. Wanda ya rubuta don Lahadin Triniti hankalinsa na kan Uba da Ɗa da Ruhu. Na lokacin azumi yana duban gicciye. In ka rubuta ayar a akwatin bincike, manhajar za ta kai ka ɗaya daga cikinsu, galibi wanda ta fara cin karo da shi, ko ta jero su duka ba tare da ta san wanne kake nema ba. Zabura 23 ta fi haka yawo: tana zuwa a Lahadi ta huɗu ta Ista a dukan shekarun uku, ranar da ake karanta wani yanki na Yahaya 10 kan makiyayi, sannan ta sake fitowa a wasu Lahadin.

Saboda haka, a shiga ta rana. Wannan ita ce dabarar, sauran duk rassanta ne. Abin kamar kasuwar ƙauye yake: ba ka tambayar inda kaya suke sai ka san ranar da take ci. Buɗe kundin da ya dace, ka buɗe jerin abubuwan da ke ciki a gefen taga, ka gangara zuwa Lahadin da kake so. A Feasting on the Word kundi na farko ya ɗauko daga Adbent zuwa Lahadin sāke kamannin Yesu, na biyu azumi da Ista, na uku da na huɗu suka raba dogon lokacin da ke bayan Fentikos. Shi ya sa Luka 15 ta rabu: tunkiyar da ta ɓace da kuɗin da ya ɓace suna kundi na huɗu na shekarar C, ɓataccen ɗa yana na biyu. Logos tana da jadawalin karatu da za ka iya zaɓa ya riƙa nuna maka nassoshin mako, ka latsa su buɗe. Tana kuma da abin da ta kira Passage Guide, mai tattaro duk littattafanka da suka taɓa wani nassi. Amfani da shi yana da kyau, muddin kafin ka fara karatu ka ɗaga ido ka duba kan shafin, ka tabbata shekarar da Lahadin su ne naka.

Shawarata ita ce kada a ɗaure wannan sharhi da tagar Littafi Mai Tsarki. In ka ɗaure, kana tsakiyar maƙala sai ka latsa wata aya da marubucin ya ambata, nassi ya tsallaka can, sharhin ya bi shi zuwa wani kundi, ka rasa inda kake. A bar shi a tagarsa shi kaɗai, a ɗaure nassi da sharhi na yau da kullum, a ajiye wannan tsari na tagogi da suna don kada a sake gina shi kowane mako. A littafin takarda maƙalun huɗu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa a shafi, a allo kuwa ɗaya na bin ɗaya. Mai son kwatanta biyu sai ya buɗe kundin sau biyu.

Sunayen Lahadi ma suna rikita mutane, musamman daga Yuni zuwa Nuwamba. Lahadi ɗaya tana iya samun suna uku. Wadda ke faɗowa tsakanin 11 da 17 ga Satumba, ita ce jadawalin 1992 ya ba lamba 19. Katolika suna kiranta Lahadi ta 24 ta lokacin yau da kullum; ƙara biyar a kan lambar farko ka sami tasu. Wasu coci kuma suna ƙirge daga Fentikos, kuma wannan ƙirgen ba ya tsayawa wuri ɗaya domin ranar Ista tana motsi. Luka 15:1-10 an karanta ta a Lahadi ta 17 bayan Fentikos a 2016, amma a ta 14 a 2022. Don haka a dogara da kwanan wata da nassin kansa, ba da lambar da ke jikin takardar sujada ba.

Akwai wani rabe-rabe a wannan dogon lokaci. Jadawalin 1992 ya ba da hanya biyu ta karatun Tsohon Alkawari. Ɗaya tana zaɓo nassin da ya dace da Bisharar ranar, kamar yadda Katolika ke yi. Ɗayar tana bin labari a jere mako-mako: Ibrahim zuwa Musa a shekarar A, Dawuda da littattafan hikima a B, annabawa a C. Zabura ma tana canzawa bisa hanyar da aka bi. Ba kowane sharhi ya ɗauki hanyoyin biyu ba, don haka kafin ka biya kuɗi ka duba wadda cocinka ke bi. Haka nan ɗan Katolika ya sani cewa tsarinsu da na Furotesta kusa suke amma ba ɗaya ba ne. A Lahadi ta biyu ta azumi Katolika suna karanta sāke kamannin Yesu a kan dutse, yawancin Furotesta kuwa sun riga sun karanta shi a Lahadin ƙarshe kafin azumi. Verbum, reshen Logos na Katolika, shi ya fi dacewa da su. Wasu ɗariku kuma suna buga nasu kalandar karatun duk shekara. Wanda ke cikinsu ya ɗora ta kusa da jadawalin manhaja ya gwada Lahadi uku ko huɗu, zai gane ko tafiyarsu ɗaya.

Lambobin Zabura wani tarko ne ƙarami. Tsoffin littattafan da suka bi fassarar Girkanci da Latin suna kiran Zabura 23 ta 22. Wasu fassarori kuma suna ƙirga kan magana na zabura a matsayin aya, kamar yadda Ibrananci ya yi, har aya ta farko ta Zabura 51 ta zama ta uku. Manhajoji masu kyau suna daidaita wannan da kansu, amma in bayani bai yi kama da ayar da ke gabanka ba, duba aya ɗaya ko biyu sama ko ƙasa.

Abin da ya fi duk wannan nauyi shi ne abin da jadawalin ya bari. Obadiya da Nahum da Yahuza da wasiƙun Yahaya na biyu da na uku ba sa cikin karatun Lahadi sam. A cikin nassin da aka zaɓa ma a kan tsallake ayoyi. Zabura 139 ana karanta ta fiye da sau ɗaya, amma ayoyi 19 zuwa 22, inda mai zabura ya zazzage fushinsa kan mugaye, ana ƙetare su. Sharhin jadawali yakan yi shiru inda jadawalin ya yi shiru. A nan manhaja ta fi takarda amfani ƙwarai: surar gaba ɗaya tana gabanka, kana ganin abin da aka yanke, ka kuma nemi bayaninsa a ɗaya sharhin. Mai wa'azin da bai taɓa leƙa ayoyin da aka tsallake ba, jama'arsa za su leƙa, domin Littafi Mai Tsarkin da ke hannunsu bai tsallake komai ba.

Mai wa'azi da Hausa yana da ƙarin aiki guda. Waɗannan maƙalu da Turanci aka rubuta su, yawanci a kan fassarar NRSV, don ikilisiyoyin Amurka. Marubuci kan gina sakin layi guda a kan wata kalmar Turanci da ba lallai ta fito haka a Hausa ba. Saboda haka tagar farko ta zama ta nassin da za a karanta wa jama'a, ko tsohuwar fassarar 1932 ce, ko wadda ta biyo bayanta, ko Sabon Rai Don Kowa. In babu Hausa a manhajar kwamfuta, a buɗe ta a waya ta manhajar YouVersion a ajiye a gefe. Cikin maƙalun huɗu, ta fassarar nassi ita ta fi jure tafiya daga ƙasa zuwa ƙasa. Ta kiwon jama'a da ta gina wa'azi cike suke da misalan rayuwar Amurka, har Adbent ma a wurinsu lokacin dusar ƙanƙara ne da gajerun ranaku, alhali mai sauraro a Numan ko Kafanchan yana cikin hunturu da hidimar girbi. Tambayar da marubucin ya yi wa nassi ita ce abin ɗauka. Misalin kuwa sai a nemo shi a gida.

Wanda cocinsa ba ta bin jadawali ko kaɗan, shi ma zai iya cin moriyar irin wannan sharhi, sai dai tasa hanyar ita ce ta aya: ya rubuta nassin, ya buɗe duk wuraren da ya fito, ya karanta yana sane da cewa kowane marubuci wata Lahadi yake yi wa hidima. Kafin ya sayi kundi 12, ya gwada makonni kaɗan da Working Preacher tare da jadawalin da ɗakin karatun tauhidi na Jami'ar Vanderbilt ke wallafawa kyauta a intanet, ya ga ko salon ya karɓe shi.